Fashin baƙi: Neman ingancin sabis a netwok ɗin da ba shi da turke

Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza birnin Port-au-Prince na ƙasar Haiti. Cikin abubuwan da suka durƙushe har da sadarwar waya. Wasu turakun sabis sun lalace, wasu wuta ta yanke musu, waɗanda suka tsira kuma kira ya fi ƙarfinsu. Ga mutane riƙe da wayoyi masu caji, amma mai neman ɗan'uwansa a ƙarƙashin ɓaraguzai ba shi da yadda zai yi ya ji muryarsa, ko da tsakaninsu bai fi taku hamsin ba. Wannan ne ya sa wani malami a Jami'ar Flinders ta ƙasar Ostareliya, Paul Gardner-Stephen, ya fara aikin da ya raɗa wa suna Serval. Tambayarsa ɗaya ce: me zai hana wayoyi su yi magana da junansu kai tsaye, ta tsakiya ta miƙa wa ta gaba, ba sai an bi ta turke ba?

Mu ma tambayar ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya taɓa tura bidiyo ta Xender ya ga wayoyi biyu suna hulɗa babu sabis babu data. Wanda kuma ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san yadda waya ke komawa tocila da agogo idan turke ya yi shiru.

Irin wannan tsari shi injiniyoyi ke kira netwok na "ad hoc", wato kalmar Latin mai nufin abin da aka haɗa don biyan buƙatar da ta taso. Ni na fi son in ce masa netwok na taimakon kai da kai, domin kowace na'ura a cikinsa mai saƙo ce kuma 'yar aike ce. Saƙo yana tafiya zango-zango kamar ayarin fatake, daga wannan na'ura zuwa waccan, har ya isa inda aka nufa. Tunanin ya daɗe. Tun 1971 Jami'ar Hawaii ta haɗa kwamfutocin tsibiranta ta rediyo da tsarin ALOHA, kuma daga 1973 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta shiga gwada rediyoyin da ke miƙa wa juna bayanai a filin daga, inda ba wanda zai tsaya kafa turke. Da aka fitar da ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997 ma, an saka mata yanayin da na'urori za su haɗu da juna ba tare da rauta ba, wato akwatin da ke rarraba intanet.

Sa na'urorin su ga juna an daɗe da iyawa. Inda gizo ke saƙar shi ne alƙawari. Wa zai ce wa ma'aikacin ceto kiransa zai fita sarai, ba zai tsinke a tsakiyar magana ba? Wannan alƙawari shi ake nufi da ingancin sabis, kuma fiye da shekara ashirin da biyar ke nan masana na fama da shi.

A bakin injiniya, inganci abu ne da ake aunawa. Akwai faɗin hanya, wato yawan bayanan da za su wuce a sakan ɗaya. Akwai yawan fakitin da ke zubewa a hanya, tunda komai a intanet a 'yan ƙananan fakiti ake yanka shi. Akwai kuma jinkiri, wanda ake aunawa da milisakan, kashi ɗaya cikin 1000 na sakan. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce idan murya na isa kunnen mai sauraro cikin milisakan 150 hira za ta tafi daidai, idan kuma ta haura 400 ta lalace. Kowa ya san alamar: ka ce "kana ji na?", ka ji shiru, ka sake buɗe baki, sai ga "ina jin ka" ta ci karo da maganarka. Abin da ya fi jinkirin kansa cutar da murya shi ne tangal-tangal ɗinsa, wannan fakiti ya iso cikin milisakan 20, na bayansa ya ɗauki 300. Mai sauke littafi ko hoto bai damu da wannan ba, muddin komai ya iso cif. Mai kira kuwa gara masa a yar da fakitin da ya makara da a kawo masa shi bayan magana ta wuce.

Mu dubi kiran waya ɗaya kusa-kusa. Yawanci ana yanka murya duk bayan milisakan 20, ke nan fakiti 50 a sakan, a kowane ɓangare. Idan an matse muryar da tsarin G.729, abin da ke cikin kowane fakiti bai wuce bayit 20 ba, amma adireshi da sauran rubutun da ake liƙa masa don intanet ya gane shi sun kai bayit 40. Ambulan ya ninka wasiƙa nauyi. Sai Wi-Fi ya zo ya ƙara nasa: jiran iska ta lafa, sallamar buɗe magana, sannan jiran a ce an karɓa. Duk wannan hidima a kan kowane ɗan fakiti ake yin ta. Shi ya sa tsohon Wi-Fi mai megabit 11, wanda a lissafin takarda zai ɗauki kira fiye da 80 na muryar da ba a matse ba, a aikace ba ya wuce goma sha wani abu, kuma wannan a zango ɗaya tak.

A duniyar kebul an samo dabaru biyu tun cikin shekarun 1990. Ta farko, IntServ ta 1994 da 'yar rakiyarta RSVP ta 1997, kamar kama kujera ce a tashar mota: kafin kira ya fara, sai a aika ɗan saƙo ya bi kowace rauta da ke kan hanya yana cewa a ajiye masa wuri kaza. Ta biyu, DiffServ ta 1998, ba ta ajiye wa kowa wuri, tambari kawai take buga wa fakiti, mai tambarin gaggawa a wuce da shi gaban layi. Dukkansu sun dogara da abubuwan da a kebul ba a ko tunaninsu saboda tabbas ne: hanya tana nan inda take, an san faɗinta, kuma tana da mai ita da zai tsawatar. A netwok na taimakon kai da kai babu ko ɗaya daga ciki.

Mu fara da iskar kanta. Kebul na mutum biyu ne, iska kuwa ta duk wanda ke kusa ce. Wi-Fi yana tafiyar da ita kamar majalisar da babu mai gari. Duk mai son magana sai ya kasa kunne, in ya ji wani na yi ya dakata. In an yi shiru ma ba ya faɗawa nan take, sai ya zaɓi wata lamba da ka tsakanin 0 da 15 ya ƙirga a zuci, wanda tasa ta fara ƙarewa shi ke da magana. Idan biyu suka fara tare maganarsu ta cakuɗe, kowa ya ja da baya ya sake zaɓa, amma yanzu tsakanin 0 da 31, in an sake karo 63, haka ake ta ninkawa har 1023. Ladabi ne mai kyau, kuma shi ya sa Wi-Fi ke aiki ba tare da shugaba ba. Amma a lura, jinkiri marar tabbas a cikin jinin ƙa'idar yake. Wanda aka ce ya jefa ƙuri'a kafin ya yi magana ba zai iya rantsuwa kan lokacin da zai yi ta ba.

Kasa kunnen ma ba kullum yake amfani ba. A ce Bala na tsaye a bakin ƙofa, Audu na cikin gida, Cindo na waje can nesa. Bala na jin su duka, su kuwa ba sa jin juna. Audu ya saurara ya ji shiru ya fara yi wa Bala magana, Cindo ma haka, abin da ke isa kunnen Bala hayaniya ce kawai. Fouad Tobagi da Leonard Kleinrock sun yi bayanin wannan matsala ta ɓoyayyen maƙwabci tun 1975. A 1990 Phil Karn, wani gwanin rediyon sha'awa, ya kawo magani: Audu ya fara da gajeren neman izini, Bala ya amsa da ƙarfi cewa ya ba shi, Cindo ya ji amsar Bala ya kama bakinsa. Wi-Fi ya ɗauki dabarar. Sai dai ga fakitin murya, neman izinin da amsarsa sun kusa kai saƙon kansa cin lokaci, don haka sau da yawa a kashe ake barin ta.

Yanzu a jera su a layi: Audu zai aika wa Isa saƙo ta hannun Bala, Cindo da Dauda. Lokacin da Audu ke magana, Bala ba zai iya miƙa na baya ba, domin rediyo ɗaya ba ya ji ya kuma faɗa a lokaci guda. Cindo ma dole ya yi shiru, in ba haka ba zai toshe wa Bala kunne. Fakitin kira ɗaya ke nan suna rigima da junansu a kan iska ɗaya. A mafi kyawun hali kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin rediyon ake mora. Da masu bincike a jami'ar MIT suka yi nazarin abin a 2001, sun nuna cewa tunda hayaniyar rediyo ta fi maganarsa zuwa nesa, kashi ɗaya cikin huɗu ne iyaka, kuma a gwajinsu na kwamfuta Wi-Fi bai samu fiye da kusan ɗaya cikin bakwai ba a doguwar sarƙa.

Wannan ya kai mu ga abin da masu tallar irin wannan fasaha ba su cika son faɗa ba. Ana yawan cewa yawan jama'a ƙarfin netwok ne, tunda kowane sabon shiga ɗan aike ne. Ta fuskar nisan da saƙo zai kai, gaskiya ne. Ta fuskar rabon kowa kuwa akasin haka ne. A shekarar 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar na Jami'ar Illinois sun tabbatar da lissafi cewa idan kowa na aika wa wanda ya ga dama a ko'ina cikin netwok ɗin, rabon kowace na'ura raguwa yake yi yayin da ake ƙaruwa. Ko an jera na'urorin yadda ya fi dacewa, in aka ninka yawansu sau huɗu rabon kowa zai ragu da rabi. Dalilin a fili yake: yawancin ƙarfin kowace na'ura a dakon kayan wasu yake ƙarewa. Sauƙin da ke ciki shi ne idan mafi yawan hira tsakanin maƙwabta ce, zango ɗaya ko biyu, raguwar ba ta yin tsanani haka. Manhajar FireChat da ta yi suna a zanga-zangar Hong Kong ta 2014 gajerun saƙonnin rubutu take ɗauka tsakanin mutanen da ke kusa da juna, kuma ba don rashin buri ba ne aka tsaya a nan.

Duk wannan a kan na'urorin da ke zaune wuri ɗaya ne. Bari su fara motsi. Dole a riƙa neman hanya ana sabunta ta, kuma akwai mazhabobi biyu da duka aka wallafa ƙa'idojinsu a 2003. AODV ba ta neman hanya sai an buƙace ta, sai ta yi shela a duk netwok ɗin tana cigiyar wane. OLSR, wadda ta fito daga cibiyar INRIA ta Faransa, kullum cikin gaisawa da maƙwabta take don taswirarta ta zauna a shirye. Ta farko tana sa ka jira a farkon kira, ta biyu tana cin iska da gaisuwa ko ba mai kira. Amma a dubi agogonsu. A tsarin OLSR na asali duk sakan 2 ake gaisuwa, kuma sai an yi sakan 6 ba a ji ɗuriyar maƙwabci ba ake yanke cewa ya tafi. Sakan 6 fakitin murya 300 ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan, ke nan kafin a farga ta yi nisan da ya fi abin da Wi-Fi na hannu ke kaiwa. RSVP kuwa duk sakan 30 take sabunta kujerar da ta kama. Kafin ta dawo, motar da aka kama kujerar a ciki ta bar tasha.

Wani darasi da na fi so a duk wannan fage daga gwaji a aikace aka koyo shi. Da farko kowa ya ɗauka hanya mafi ƙarancin zango ita ce mafi kyau. Da mutanen MIT suka gwada abin da na'urori na gaske, sai suka ga mai rage zango dogon tsalle yake zaɓa, dogon tsalle kuma shi ne mai raunin sigina. A 2003 suka fito da ma'aunin ETX, wanda ke tambayar sau nawa za a maimaita fakiti kafin ya isa a kuma ji amsarsa. A ce akwai tsalle ɗaya mai nisa da rabin fakiti ke isa, rabin amsa kuma ke dawowa. Sau 4 ke nan za a aika kafin a dace. A gefe kuma ga zango biyu gajeru, kowanne 9 cikin 10 na wucewa ta kowane ɓangare, jimillarsu ba ta kai aikawa biyu da rabi ba. Hanyar da ta fi tsawo a ido ita ta fi sauri. Direbobinmu sun san wannan, sukan bar gajeriyar hanya mai ramuka su zagaya ta mai kwalta. Netwok ɗin unguwa da yawa da ke aiki a yau da irin wannan awo suke zaɓar hanya.

Idan kuma aka ce a nemo hanyar da za ta cika sharaɗi biyu masu taruwa zango bayan zango a lokaci guda, misali jinkiri kada ya wuce kaza kuma tsada kada ta wuce kaza, Zheng Wang da Jon Crowcroft sun nuna a 1996 cewa wannan na cikin matsalolin da ba a san wata gajeriyar hanyar warware su ba idan netwok ya girma. Saboda haka da kintace mai kyau ake aiki.

To, me aka yi? Gyaran da ya fi shiga hannun jama'a shi ne 802.11e na 2005, wani ƙari ga ƙa'idar Wi-Fi, wanda ke cikin kusan kowace rauta da waya a yau da sunan WMM. Ya raba fakiti gida huɗu: murya, bidiyo, na yau da kullum, da na bayan fage. Dabarar ita ce a karkata ƙuri'ar nan. Murya tana zaɓar lambarta tsakanin 0 da 3, ko an yi karo ba ta wuce 7, alhali saƙon yau da kullum na farawa daga 0 zuwa 15 yana iya kaiwa 1023. Ke nan yawanci murya ce ke riga kowa buɗe baki. Yana aiki, kuma ina ganin duk mai kafa netwok ya kamata ya tabbatar a kunne yake. Amma fifiko ba ya ƙara faɗin titi. Jiniyar motar asibiti tana amfani ne idan ita kaɗai ke da ita. Idan na'urori goma duk murya suke ɗauke da ita, kowacce na zaɓa cikin lambobi huɗu kacal, karo sai ya fi na da yawa. Kuma tsarin zango ɗaya ya sani, bai san fakiti ya riga ya ɓata milisakan 100 a baya ba. Ga kuma maganar amana: babu mai hana wani buga wa fim ɗin da yake saukewa tambarin murya.

Masu bincike a Jami'ar Columbia ta birnin New York, ƙarƙashin Andrew Campbell, sun gwada hanyoyi biyu da suka nuna yadda tunani ya sauya. A INSIGNIA sun riƙe kama wuri, amma sun saka buƙatar a jikin fakitin bayanan kansa, ta yadda duk inda hanya ta karkata buƙatar na biye da ita, wurin da aka daina bi kuma ya saki kujerar da kansa bayan ɗan lokaci. Sun kuma sa mai kira ya faɗi buƙata biyu, wadda yake so da wadda zai iya haƙuri da ita. A SWAN na 2002 sai suka watsar da ajiye wuri gaba ɗaya. Kowace na'ura tana lura da yadda iska ke ƙara nauyi, ta rage wa saƙonnin da ba na gaggawa ba gudu. Mai son fara kira kuma sai ya tura ɗan leƙen asiri ya auno ko hanya za ta ɗauka. In ba za ta ɗauka ba, a ce masa ya dakata.

A ganina wannan "dakata" ita ce zuciyar maganar baki ɗaya. Ɗauki sarƙar da ke iya ɗaukar kira uku lafiya. In aka bar na huɗu ya shiga, ba shi kaɗai zai sha wahala ba. Layukan jira za su cika, karo ya yawaita, maimaici ya ƙara cunkoso, duka huɗun su koma "hello, hello". Gara a hana mutum ɗaya a cece uku. Turken kamfanin waya yana yin haka kullum, shi ne lokacin da kake jin an ce layi ya cushe. A netwok marar shugaba kuwa, wa zai tsaya a ƙofa? Kuma auna abin da ya rage ba wasa ba ne. Na'urar da ke kan hanya za ta iya ganin tana da sarari ta ce bismilla, alhali sabon kiran zai danne wata maƙwabciya da ba ta kan hanyar ma, tana can gefe ɗauke da nata kiran, ba wanda ya shawarce ta. Biyu kuma za su iya aunawa a lokaci guda, kowanne ya ga wuri ɗaya da ya rage, su shiga tare. Shi ya sa masana suka daina maganar tabbaci a wannan fage, suka koma maganar inganci mai sassauci: za a yi ƙoƙari, za a fifita ka, in hali ya canza za a sanar da kai ka rage buƙata. Wasu na ganin wannan ja da baya ne. Ni ina ganin faɗin gaskiya ne, kuma ma'aikacin ceto ya fi amfana da na'urar da ta ce masa yanzu ba hali da wadda ta bar shi yana ihu cikin iska.

Akwai masu cewa a bar ƙuri'a kwata-kwata a koma rabon lokaci, kamar adashi, kowa ya san ranar kwasarsa. A masana'antu haka ake yi. Tsarin WirelessHART na 2007, da ƙa'idar 802.15.4e ta 2012, suna yanka lokaci gida-gida na milisakan 10, kowace na'ura da nata gurbin, suna kuma tsalle tsakanin tashoshi don kauce wa hayaniya. Da haka na'urorin awon zafi da matsin bututu a matatun mai ke kai rahoto a kan kari, batirinsu ya yi shekaru. Amma adashi sai da uwar adashi. Dole agogon kowa ya zama ɗaya, kuma a WirelessHART akwai manaja guda da ke tsara jadawalin. Shugaban da aka ce babu ya dawo ta ƙofar baya. Na'urorin kuma a ɗaure suke a jikin bututu, bayanansu 'yan kaɗan ne.

Motoci sun bi wata hanyar. A ƙa'idar Wi-Fi ta motoci, 802.11p ta 2010, wadda kamfanin Volkswagen ya saka a motarsa Golf daga 2019, kowace mota tana shelanta inda take da gudunta har sau 10 a sakan, ga duk wanda ke kusa, ba neman hanya ba jiran amsa. In titi ya cika, tsarin da Turai ta ɗauka yana sa kowa ya rage yawan shelarsa don iska ta ishi kowa.

Waɗanda suka kai abin ƙauye sun koyi nasu darasin da gumi. A 2008 Steve Song ya tara masana a Afirka ta Kudu don aikin Village Telco, inda aka ƙera wata na'ura mai suna Mesh Potato: akwati ne da ake ɗaurawa a kan sanda, a jona masa wayar tebur ta gargajiya, shi kuma ya nemi 'yan'uwansa ta Wi-Fi. Da irinsa aka fara netwok ɗin Zenzeleni a Mankosi, wani yankin karkara a lardin Eastern Cape, a 2012, tare da Jami'ar Western Cape, mutanen gari na kiran juna ba tare da sayen kati ba. A lura da abin da aka yi a nan. An cire motsi, an ɗaga eriya sama ta ga 'yar'uwarta, an ba ta wutar sola. Guifi.net ta yankin Kataloniya a Sifen, wadda ta faro a 2004 ta kuma haura na'urori 30,000, akasarin ƙashin bayanta eriyoyi ne masu kallon juna kai tsaye da aka tsara da hannu, har da zaren fayiba. Inda kuɗi ya samu kuma akan sa wa akwati rediyo biyu ko uku, ɗaya na ji a wannan tasha ɗaya na faɗa a waccan, sai rigimar Audu da Cindo ta kau. A mitar rediyo ta 2.4 gigahaz tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, shi ya sa ake kai dakon nesa mitar 5 gigahaz mai yalwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare sayen inganci ne da wani yanki na 'yancin da aka fara nema.

Wayar aljihu ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Eriyarta ƙarama ce, tana ƙasa-ƙasa a tsakanin jikin mutane da bango, batirinta kuma na mai ita ne. Wanda cajinsa ya koma kashi 10 a ranar da babu wuta, ba za a zarge shi ba in ya kashe dakon saƙon wasu, amma fitarsa na iya raba netwok ɗin gida biyu.

Wannan ne ya sa mutanen Serval, waɗanda da kiran murya suka fara, suka ƙara wani sashe da suka kira Rhizome. Shi ba ya neman a samu hanya daga farko har ƙarshe a lokaci guda. Waya tana karɓar saƙo ta adana, ta tafi da shi a aljihun mai ita, duk lokacin da ta haɗu da wata ta miƙa mata kwafi, a haka har ya isa. Mu da muka saba da saƙon murya na WhatsApp mun riga mun san amfanin wannan. Saƙon murya na minti ɗaya da aka matse bai fi 'yan ɗaruruwan kilobayit ba, ba ruwansa da milisakan 150, in fakiti ya zube a sake aiko shi ba wanda zai ji alama. Mai magana ya faɗi unguwar da yake, mutum nawa ne suka ji rauni, da abin da ake buƙata. Ko da ɗan acaɓa ne ya ɗauko saƙon a wayarsa bai sani ba, ya wuce ta kusa da sansanin masu ceto bayan minti goma, muryar za ta fito cikakkiya kamar yadda aka faɗe ta.